Na Buɗe Bakina Saboda Lailatu

Ni na koya wa jikata Lailatu kunya, kuma na koya mata da kyau. Ba ta zama a kujera babba yana tsaye, ba ta wage baki gaban baƙo. Duk unguwarmu a Kazaure da ita ake misali.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama a titi, tana da shekara shida, haƙorinta na ciki ya kama ciwo. Kumatu ya kumbura, ko kunu da ƙyar take sha. Maƙwabciyarmu Priscilla, mai aikin jinya, ta ce likitan haƙori zai zo daga Kano ranar Laraba, in ya tafi sai wani wata.

"Inno, kujera zai ɗora ta, yana tsaye a kanta," in ji Priscilla. "In ta ƙi buɗe baki, sai ya kira na bayanta."

Na ce ta bar ni da Lailatu. Ni na ɗaure, ni zan kwance.

Na jawo kujerar ubanta tsakar gida, na riƙe cokali, na zama likita. Ranar farko ƙin hawa ta yi, ta durƙusa a ƙasa.

"Ke fa kika hana, Inno."

"Ni kuma na ce ki hau. Wannan ba rashin kunya ba ne, magani ne."

Kwana uku muna yi. Na gaya mata gaskiya: akwai fitila, akwai ƙarfe mai sanyi, wataƙila da ɗan zafi. Kafin Laraba, ina ɗaga cokali take wage baki har ina hango maƙogwaro.

A asibiti ta hau kujerar da kanta, ina ta jin daɗi. Amma da likitan ya sunkuyo, dogo, da furfura a kansa, sai ta tsuke baki, ta sunkuyar da kai. Ya lallashe ta sau biyu. Ya duba layin da ke waje, ya duba agogo.

Na san na bayanta zai kira. Wata guda na ciwo, kuma tarbiyyata ce sila.

Na matsa gabanta, na yaye mayafi daga fuskata. Ni da ko dariya sai na rufe da hannu, na wage bakina gaban baƙon namiji, da haƙorana huɗu da suka rage.

Lailatu ta dube ni, ta buɗe nata.