Kek Mai Gudaji

Sau biyu Rumaisa tana sauke tukunya, sau biyu kek ɗin yana fitowa da tauri, tsakiyarsa duk ramuka. Ga shi da bakinta ta yi wa Malama Rabi'atu alkawari a gaban 'yan ajinsu na Islamiyya cewa ita za ta kawo ƙananan kek na walimar sauka, yau bayan la'asar. Fulawar da ta rage ta kwaɓi ɗaya ce tak.

Tana durƙushe gaban kurfoti, idonta ya ciko da hawaye, sai ga Gwaggo Lauratu, ƙanwar babanta, ta yi sallama. Daga Maigatari take, ta shigo Gumel duba jiki. Ko mayafi ba ta cire ba ta ɗauki kek ɗaya ta ƙwanƙwasa a bakin turmi.

"Wannan na ci ne, ko na jifan akuya?"

"Gwaggo, wallahi na bi duk abin da aka rubuta."

"To kwaɓa in gani."

Rumaisa ta fasa ƙwai, ta zuba sukari da man gyaɗa da madara, ta juye a kan fulawa. Sannan ta jawo muciya, ta danne roba da gwiwa, ta gyara zama. Tun tana 'yar shekara goma ake yabon tuwonta, ba a taɓa tsintar gudaji a ciki ba.

"Tsaya, ɗiyata! Tuwon dawa za ki tuƙa mana?"

Gwaggo ta ƙwace muciyar ta miƙa mata cokali. Ta riƙe hannunta suka juya a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Rumaisa tana ƙirgawa a ranta. A na goma sha biyu Gwaggo ta saki.

"Ya isa."

"Amma ga gudaji nan birjik!"

"Bar su. Wuta ce za ta narkar da su, ba ƙarfinki ba."

Hannun Rumaisa har ƙaiƙayi yake yi. Ta zauna a kansa, tana kallon yadda Gwaggo ke shafa mai a gwangwanayen madara, tana zuba kwaɓin bai kai baki ba. Gwaggo ta kara tafinta a saman yashin da ke cikin tukunya don jin zafinsa, ta rage gawayi biyu, ta jera gwangwanayen ta rufe, ta ɗora garwashi kaɗan a kan murfin. Komai nata a natse, kamar ba ta san da la'asar ba.

"Kika buɗe kafin na idar da azahar, ni da ke ne."

Ba ta buɗe ba. Da aka ɗaga murfin, kowane kek ya yi tozo, ya tsage a ka. Rumaisa ta gutsuri ɗaya, ta dudduba cikinsa. Laushi kamar auduga, gudaji ko ɗaya babu.

A wajen walima Malama Rabi'atu ta ci, ta sake miƙa hannu.

"Rumaisa, wannan ya sha bugu, ko?"

"A'a, Malama. Juyi goma sha biyu ne. Gwaggona ce ta riƙe min hannu."