Ƙaya Mai Jan Zare

Ranar sadakar ukun Labaran, zaurensa a Kuyello ya cika har waje, kowa da abin da yake faɗa. Wannan ya ce mamaci ya sha ruwan Ikko, wancan ya ce ai har Nguru ya taka, inda layin dogo ya ƙare. Wani dattijo ya murmusa ya ce, "Allah ya ji ƙansa, amma mutumin nan jirgi ya aura."

Matarsa Saude tana bayan zana cikin takaba, tana jin su, takaici kamar ya kashe ta. Kai, mutane! Shekara shida suna yi masa dariya, yau ya zama gwani don ƙasa ta rufe shi.

Abin dariyar yana nan gabansu, ya cinye rabin zauren. Labaran ya shimfiɗa dogo da tsinken gamba, ya gina tashoshi da laka sun fi saba'in, ya yi taragu da karan dawa, kan jirgin kuma da gwangwanin kifi. Garin da sai ka yi tafiyar kwana biyu zuwa Funtuwa kafin ka ji kukan jirgi, ga shi an kawo masa jirgi har zaure. Da an gama girbi sai Labaran ya rataya jaka ya ɓace, sai damina ta kawo kai ya dawo, ya kwaɓa laka ya ƙara tashoshi.

Babu wanda ya san dalili sai Saude. A shekarun yaƙin Turawa aka zo ɗiban mutane zuwa haƙar kuza a Jos, aka ce gidansu zai ba da mutum ɗaya. Labaran, da ya taɓa hawa jirgi yana saurayi, ya kasa mantawa, shi ya dafa kafaɗar ɗansu Ƙasimu ya ce, "Wata huɗu ne kawai, kuma za ka hau jirgi." Waɗanda suka dawo suka ce sanyi ya gallabi yaron, ya gudu ya maƙale a jirgin kaya, ba wanda ya san inda ya sauka. Tun daga nan uban yake bin tasha tasha yana cigiya. Duk inda ya tambaya bai samu ba, in ya dawo sai ya soka ƙayar bagaruwa a rufin tasharta.

Ƙasimu ɗan farin Saude ne. Uwa kuwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayarsa, kunya ta hana. Don haka ko sau ɗaya ba ta ce, "Malam, an dace?" ba. Sai dai kashegarin dawowarsa ta ɗauki tsintsiya ta shiga zaure kamar shara ta kawo ta, ta duba sababbin ƙayoyi, ta fito ta ɗora tukunya.

Bana ya dawo da zazzaɓi, yana tafe yana dafa bango. Da safe ta shiga, ta ga ƙaya guda sabuwa, an naɗe ta da jan zare, a wata ƙaramar tasha can tsakiya. Bai taɓa yin haka ba. Ta kai masa kunu, ta tsaya a kansa, maganar ta zo har leɓenta ta koma. Ta ce bari ya ɗan ji sauƙi, da kansa zai faɗa. Bayan kwana biyu ya rasu.

Ita ba ta san sunayen tashoshin ba, sai wanda ya bi dogo zai iya karanta su. Amma ƙanenta yana fataucin goro a jirgi, ta kuwa aika masa ya zo ran Juma'a. In ya ga tashar zai san sunanta, ya je ya tambaya. Abin da ya rage mata ke nan a duniya.

Ran Laraba ƙanen mijinta, Salmanu, ya shigo da sauri, har yana tuntuɓe da turmi.

"Yaya Saude, albishirinki! Baturen da ke rangadi ya ji labarin jirgin marigayi a wurin dagaci. Gobe da hantsi zai zo gani."

Ta ce, "Ya zo ya gani. Amma kada a taɓa komai, Salmanu. Ko tsinke."

"Haba! A irin wannan ƙazanta? Gara ta ci rabi."

"Na ce a bar shi yadda mai shi ya bar shi."

"To saboda me?"

Ga matan unguwa zaune kewaye da ita, sun zuba ido. Ta ce, "Haka nan."

Salmanu ya kaɗa kai ya fita. A ransa ya ce mai takaba ce, sai haƙuri.

Yini guda zauren cike yake da maza masu ta'aziyya, ba halin ta leƙa. Tana jin ƙarar tsintsiya, tana jin ana yayyafa ruwa, ta aika har sau biyu, aka ce mata ƙura kawai ake kakkaɓewa.

Kashegari da hantsi Baturen ya zo. Ta ji dariyarsa, ta ji tafinta yana cewa ba su taɓa ganin baƙar fata mai ƙaunar jirgi kamar wannan ba. Salmanu yana ta "ranka ya daɗe," murya har rawa take don daɗi. Da azahar maza suka tafi masallaci, ta ja mayafi ta shiga.

Zauren fes, an yi sabon daɓe. Salmanu ya zubar da tashoshin da gara ta ci, ya jera sauran kusa kusa a layi ɗaya, ya shafe su da farar ƙasa har da ramukan ƙayoyin da ke rufinsu. Babu ƙaya ko ɗaya. Ta durƙusa tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, duk iri ɗaya suke.

Salmanu ya dawo ya same ta a haka.

"Kin ga yadda ya yi kyau? Bature ya ce marigayi aminin jirgi ne."

"Ina ƙayoyin?"

"Waɗanne? Oho, ai na cire, kada su soki baƙo. An zuba a murhu."

"Da mai jan zare. A wace tasha take?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi, Yaya, wa ya lura? Wasan yara ne fa."

Ta miƙe. Ta so ta zage shi, amma me ya sani? Wa ya gaya masa? Ita ce ta tsaya a kan mutum yana da rai, kwana biyu cur, da ƙwaryar kunu a hannu.

Sai ta fita ƙofar gida, ba ko takalmi, ta fuskanci hanyar Funtuwa, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Ƙasimu! Ƙasimu!"

Matan suka fito a guje suka riƙe ta. Tsohuwa Huraira ta kama haɓa ta ce, "Wai! Ɗan fari da baki? Saude, ina kunyarki?"