Ƙafar Gidiyon Dillali

Ha'inci mugun hali ne ko wa aka yi wa shi. Amma wanda ya fi ban takaici shi ne mutum ya zauna ya tsara shi tsaf, ya yi wa jikinsa, yana murna wai ya yi wayo. Wannan shi ne laifin Gidiyon, kuma shi ya ci shi.

Gidiyon mutumin Wusasa ne ta Zariya, amma a Sabon Garin Kano ya yi aure ya haifi 'ya'yansa, Mirabel ce babbarsu. Dillalin atamfa da shadda ne a Kantin Kwari. Ba shi da shago, ba shi da rumfa, ƙafarsa ce jarinsa. Baƙo zai sauka daga Agadas ko Yola yana neman wani zane da aka daina yayinsa, Gidiyon ya sa shi a gaba, lungu-lungu, bene-bene, sai ya tono masa shi. Ya kuma iya abin nan na wasu 'yan kasuwa: in za a buɗe wa mai saye dila, turmin da ya fi kyau shi ake ɗorawa a sama, masu tabo da koɗaɗɗu su kwanta a ƙasa. Shekara da shekaru yana haka, har abin ya zame masa jiki.

Da ƙishirwa ta fara damunsa, ga yawan fitsari, ga rama, matarsa Dina ta matsa masa lamba sai da suka je asibiti. Likitar, wata mai suna Philomena, ta duba sakamakon jininsa ta ce ciwon sukari ne, irin wanda ke kama manya.

Ta ce, "Baba, kada ka tsorata, ana zama da shi lafiya. Ka sha maganinka kullum. Ka rage tuwo da shinkafa, ka ƙara ganye da wake, lemon kwalba kuwa ku yi sallama. Ka riƙa tattaki. Kuma kowace yamma ka duba ƙafarka, har tsakanin yatsu, don in aka yi sakaci ita ake fara rasawa."

Gidiyon ya yi dariya. "Tattaki? Likita, ni da nake auna Kwari da ƙafa tun ba a haife ki ba?"

"To a ci gaba da aunawa. Sauran fa?"

"An gama," in ji shi.

Dina ta ɗauki maganar da gaske. Ta juya tukunyar gidan gaba ɗaya: tuwon acha ɗan daidai, faten wake, kwaɗon zogale, miyar ganye. Ita da yaran kowa shi yake ci, don kada maigida ya ga an ware shi. Na rana kuma ta zuba masa a kula ya tafi da shi kasuwa.

Da fari ya bi. Sai dai ƙwayar maganin tana murɗa masa ciki. Wata rana yana tsakiyar ciniki da wani babban baƙo daga Maraɗi, cikin ya juya, ya bar mutumin a tsaye ya ruga neman banɗaki. Kafin ya dawo wani dillalin ya yi gaba da baƙon. Abin da ya kamata shi ne ya koma ya gaya wa likita. Bai koma ba. Shi ya yanke wa kansa hukunci. Da safe sai ya kai hannu baki a gaban Dina, ya kurɓi ruwa, ƙwayar kuwa tana tafin hannunsa, in ya iso shataletalen Bata ya jefa ta kwata. Kular abinci ya miƙa wa 'yan dako. Shi kuma ya zarce rumfar Monica mai sakwara.

"Oga Gidiyon!" in ji Monica. "Ba kai aka ce sukari ya kama ba? Matarka ta faɗa a coci, har addu'a muka yi maka."

"To addu'ar ce ta karɓu. Zuba malmala biyu, ki haɗo da lemo mai sanyi."

"Ni dai ba ruwana. Ranar da Maman Mirabel ta biyo ka da muciya, ƙarƙashin tebur zan shige in bar ka da ita."

"Ke zuba, don Allah. Yaushe kika zama likita?"

Ta zuba. Ita sana'arta ke nan.

In ranar komawa asibiti ta gabato, sai Gidiyon ya shirya jininsa kamar yadda yake shirya dila. Ya koma shan ƙwaya, ya cinye abincin Dina tas, ya ƙaurace wa rumfar Monica. Ana gobe awo kuwa zogale kawai zai ci ya bi da ruwa. Da safe a tsaga masa yatsa, lamba ta fito ba laifi. Likita ta ce a ci gaba da haka. Dina ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, har shaida ta bayar a coci. Shi kuwa daɗin da yake ji shi ne irin wanda yake ji in mai saye ya ɗauki dila bai tona ƙasanta ba.

Likitar ta rubuta masa wani awon daban, ta ce shi wannan yana nuna yadda jinin ya kasance watanni a baya. Gidiyon ya ji bayanin ya gane sarai, wannan mai tona ƙasan dila ne. Yau ya ce layi ya yi yawa, gobe ya ce baƙo na jiransa. Haka ya yi ta zillewa.

Ƙafafun suka fara yi masa zugi, kamar ana tsira masa allura. Daga baya suka yi shiru, yana taka ƙasa kamar a kan auduga. Ya ce sauƙi ne ya samu.

Da damina ta sauka, lungunan Kwari suka cika da ruwa da taɓo. Yana ratsawa da silifas, wani guntun ƙarfen da ake ɗaure dila da shi ya yanke shi a tafin ƙafar hagu. Ko kaɗan bai ji ba. Sai da aka kwana biyu ya ga wurin ya kumbura yana ruwa. Nan ya tuna maganar likita. Amma ya san in ya je a ranar za a auna jini, jinin kuwa bai shirya shi ba. Sai ya ce a ransa bari ya gyara shi tukuna. Ya naɗe ƙafar da ƙyalle, ya cusa ta a takalmi sau-ciki, ya koma kan ƙwaya da zogale, yana ɗingishi yana bin baƙi.

Wari ne ya tona shi. Ya dawo da yamma jikinsa zafi rau, ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba. Dina ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Baban Mirabel, cire takalmin nan."

"Ɗan targaɗe ne."

"Targaɗe ba ya wari. Cire."

Da ta warware ƙyallen sai ta dafe ƙirji. "Yesu! Tashi mu tafi."

"Ki bari sai jibi."

"Me zai faru jibi da ba zai faru yau ba?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Jinin bai sauka ba tukuna."

Ta tsaya tana kallonsa, ba ta gane ba. Ba ta ƙara tambaya ba, ta fita ta taro Adaidaita.

A asibiti Philomena ta duba ƙafar, yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin. A wannan karon ba wanda ya nemi izininsa, aka yi awon nan da ya yi ta gudu. Da sakamako ya fito ta jawo kujera ta zauna kusa da gadonsa.

"Baba, jinin nan bai san magani ba sai jefi-jefi. Wa kake yi wa wannan kwalliyar? Ni?"

Ya ce, a hankali, "Ƙwayar ce ke ɓata min ciki. Har baƙo na rasa."

"Da ka faɗa, da a ranar na sauya maka yadda za ka sha ta. Abu ne da muke yi kullum."

Dina na tsaye a bakin gadon. Tambaya ɗaya ta yi.

"Abincin da nake zuba maka fa?"

"'Yan dako."

Ta gyara ɗankwalinta ta fita baranda. Ba ta yi kuka a gabansa ba.

An fara cire yatsun, ana fatan abin ya tsaya nan. Bai tsaya ba, ruɓar ta riga ta hau.

To ga abin da wayon Gidiyon ya jawo masa. Ya rasa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ya rasa Kwari, don dillalin da ba ya hawa bene ba mai nemansa, baƙinsa kuma sun rarrabu a hannun wasu. Ranar auren Mirabel, ƙanensa ne ya riƙe hannunta ya shigar da ita coci, shi yana zaune a kujerar gefe da sanduna a jingine. Ya kuma rasa yardar Dina. Tana dafa masa, tana wanke masa dungun, ba ta taɓa yi masa gori ba. Amma duk safiya in ta ba shi ƙwaya sai ta tsaya a kansa, ta ce ya buɗe baki ya ɗaga harshe, a gaban 'ya'yansa, kuma ya buɗe.