Iskar Baba Mai Burodi

Hayaƙin tanda ne ya cinye wa tsohon ƙirji, shekara da shekaru yana gasa burodi. Da aka sallamo shi daga asibiti sai aka haɗo shi da injin iska, roba a hanci. Jinya kuwa matar autansa aka jibga wa, don ita ce ba ta da bakin cewa a'a. Ita ke kwashe fo, ita ke goge kaki, ko sannu babu.

Ita likita ya yi wa bayani, har ya ja layi da jan biro a jikin makunnin injin.

"Kada ya wuce nan," ya ce. "Huhunsa ba ya iya fitar da tsohuwar iska, wadda mu muke hurarwa waje. In aka ƙara masa sabuwa, numfashin sai ya yi kasala, tsohuwar ta taru a jini. Sabuwar kuma in ta yi yawa tana haifar da wani abu mai cin jiki kamar tsatsa, ya haɗu da tsohuwar su yi ta ɓarna. Kika ga fuska ta yi ja, barci ya yi nauyi, ki kira ni."

Ta riƙe wannan magana gam.

To, ran nan sai ga babban ɗan tsohon ya zo da ƙannensa mata. Shi ya sayi injin, kuma babu wanda bai gaya wa ba. Ya tarar da uban yana haki, ya duƙa ya leƙa makunnin.

"Ke! Iskar ma rowarta kike yi? Daga aljihun ubanki take fita?"

"Yaya, likita ne ya ce kada..."

"Likita ya ce! Ji ta, sai ka ce tare suka yi makaranta."

Ƙannen suka kwashe da dariya. Mijinta yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Duk wannan da sauƙi. Tsohon ne ya ɗago hannu da ƙyar, ya nuna ta.

"Rabu da ita," ya ce, yana jan numfashi. "Jira take in mutu ta huta. Na daɗe da sani."

Yaya ya murɗa makunnin har ƙarshe. Tsohon ya lumshe ido, ya ce yanzu ya ji iska, ya sa wa ɗansa albarka. Ita ko kallo bai yi mata ba.

Da rana duk suka koma falo cin abinci. Ta shigo ɗakin da tsintsiya. Fuskar tsohon ta yi jajir, yatsunsa suna ɗan fizga, bakinsa a buɗe.

"Baba," ta ce. "Baba!"

Bai farka ba. Ta san abin da take gani sarai. Hannunta ya kai kan makunnin, waya kuma tana aljihunta. Daidai nan ta jiyo muryar babbar ƙanwar daga falo, ta maƙale murya tana kwaikwayonta: "Yaya, likita ne ya ce!" Dariya ta sake tashi, har da ta mijinta a ciki.

Ta janye hannunta. Ta gyara wa tsohon bargo, ta share ƙarƙashin gado tas, ta jawo ƙofa a hankali.

"Ya jikin Baba?" Yaya ya tambaya, baki cike.

"Barci yake."

"Kin gani ko? Mutum ya samu iska."

Sai da yamma suka shiga tashinsa, bai tashi ba. Aka kira likita. Ya taɓa wuyan tsohon, ya zare robar daga hancinsa, sannan ya juya ga injin ya daɗe yana kallo.

"Wa ya taɓa wannan?"

Kukan ƙannen ya tsaya cak. Kowa ya kalli ƙasa.

"Yaya," matar autan ta ce a hankali, cikin ladabi, "da kai likita yake."