Takardar da Baba Ya Lulluɓe

Babana yana da shagon fotokofi a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da tabarau. A duk kayan shagon babu abin da yake ji da shi kamar injin lamineshin, wanda ke lulluɓe takarda da leda ya manne ta da zafi. In dai Baba ya ƙaunaci takarda, to sai ta shiga injin nan. Takardar haihuwata ta shiga, katin rigakafina ya shiga, har zanen kazar da na yi a aji ɗaya. Umma takan ce da mutum yana shiga, da tuni ya lulluɓe mu duka.

Ranar da na karɓo takardar gama sakandare, darasi tara duk da makin ƙoli, ko zama bai bari na yi ba. Ya goge hannu da tsumma, ya zura ta, ta fito da ɗuminta tana sheƙi.

"Ruwa ba zai ci ta ba, Uwata, gara ma ta yi kaɗan," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Kwalejin likitancin da nake so mutum arba'in take ɗauka a shekara, masu nema kuwa sun haura dubu biyu, kusan kowa da maki irin nawa. Sau uku kaɗai ake barin mutum ya nema. Shekarar farko ko kirana ba a yi ba. Ta biyu na zo ta hamsin da ɗaya. Unguwa dai ba ta fasa ce mini Likita ba, har mai tabarau yakan miƙo mini hannu wai in auna masa jini. A ta uku wasiƙa ta zo, ni ce ta talatin da takwas. Saura a tantance takardu.

Ranar Litinin muka je, Baba ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita. Muka zauna a dogon benci har aka kira lambata. Ma'aikacin da ke bayan taga yana da wani salo: duk takardar da aka ba shi sai ya shafa kusurwarta da babban yatsa kafin ya karanta. Da ya zo kan tawa, yatsan ya zame. Ya sake shafawa.

"Wa ya yi wa wannan leda?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," Baba ya ce yana murmushi. "Sana'ata ce. Duba, ko kumfa ɗaya babu."

"Na gani, aiki ya yi kyau. Amma hatimin hukumar jarrabawa tudu gare shi, Malam, da yatsa muke gane na gaske. Zafi ya daddale wannan. Ba ma karɓa." Ya nuna wata sanarwa a bango, wadda ita ma an lulluɓe ta da leda. "Ku kawo sabuwa kafin Alhamis."

"Sabuwa ai sati shida take ɗauka."

"Na sani."

"Yarinyar nan shekara uku ke nan tana nema. Ka dubi makin mana."

"Mutum ɗari ne a layin jira, Malam, kowannensu da makin ƙoli a darasi tara ɗin nan." Ba da faɗa ya yi maganar ba, har haƙuri ya ba mu. Sannan ya kira lamba ta gaba.

Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Haushi ma ban ji ba. Abin da nake tunawa kawai shi ne fankar silin ɗin fikafiki biyu gare ta maimakon uku.

Washegari Baba ya sammaka hukumar jarrabawa, ya dawo da amsar da muka riga muka sani. Ya zauna a shago da sabuwar reza, ya fara ɗaga ledar daga kusurwa, a hankali, yana riƙe numfashi. Ledar ta taso, amma da tawada ta taso. Rabin sunana yana jikin leda, rabi yana jikin takarda.

"Bar shi, Baba," na ce. "Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata."

Alhamis ta zo ta wuce kamar kowace rana. Umma ba ta sake yin barkwancin injin ba, mai tabarau ya koma kirana da sunana na yanka. Ni kuwa na fara zama a shago ina jera takardu, tunda ba ni da wurin zuwa.

Bayan sati biyu wata mata ta shigo da takardar gama sakandaren ɗiyarta, bakinta har kunne.

"A yi mata leda mai kauri, Malam. Likita za ta zama."

Baba ya karɓa, ya shafa kusurwar da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya zaro ambulan, ya saka ta ciki, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Injin ya lalace, Hajiya. Kuma don Allah kada ki kai ta wani wuri a yi mata leda."

Jar fitilar injin tana kunne a bayansa. Na miƙa hannu na kashe.