Sunan Inna a Klavyen Kamba

"Sau ɗaya za ta tashi," in ji Alfari. "In ta yi kirki, sau biyu. Kin ji ƙas-ƙas ɗin da ta yi ɗazu? Faifan ciki ne ke mutuwa."

Baraka ta ji. Tun hantsi take zaune a bencin shagonsa, bayan tashar Gaya, tana kallon yadda ya farke cikin tsohuwar ordinatar mahaifinta, wato kwamfutarsa ta hannu. Alfari mai gyaran salula ne, ajinsu ɗaya a lakwal tun suna yara ƴan boko, shi ya sa ba ya tauna mata magana.

"To ka ciro faifan mana, ka sa a wata."

"Da me? Kayan haɗin irin nata sai Kwatano, gadar iyaka kuma a rufe. Ko in hau kwalekwale in je in nemo miki, ƴar Baƙo?"

Ba ta yi dariya ba. Abu ɗaya take so a cikin injin nan: bidiyo na minti goma sha ɗaya, na ranar sunan ɗanta na fari. Baba ya ɗora ordinatar a kan turmi, ya kunna ƴar kamararta, ta ɗauki tsakar gida. Nan kaɗai muryar Inna ta rage a duniya. Hotunan takarda kuwa ruwa ya cinye su, shekarar da kogi ya shigo musu har ɗaka.

A cikin ƙarar inji Baraka ta tashi. Mahaifinta, Malam Baƙo, na da shagon buga takardu kusa da duwan, inda ake biyan harajin kaya, direbobi da masu fiton kaya suna layi a ƙofarsa. Tana da shekara goma sha ɗaya ya kawo ordinatar farko, fara, ƙatuwa, mai cin disket. Da zanen Inna ake rufe ta, yaran unguwa kuma sai sun tuɓe takalmi kafin su leƙa. A 1999 ne, soja na kan mulki. Wannan ta hannu kuma wani direba ya kawo masa daga Kwatano a 2010, soja sun sake hawa. Baba kan ce shi da su tare suke sauya inji. Ga shi sun dawo, shi kuwa shekara biyu ke nan da rasuwarsa.

"Tsohon klavyen ya mutu, maɓallan rubutun duk sun daina aiki, na sa mata wani da na samo a Kamba," in ji Alfari yana ɗaura ƙusa ta ƙarshe. "Bismillah. Kin san kod ɗin buɗe ta dai ko?"

"Sunan Inna ne. Tun ranar farko."

Ya danna. Fanka ta yi tari, ekran, fuskar injin, ya yi baƙi, ya yi shuɗi, sai ga gurbin kod. Baraka ta matso. Don kada ta yi kuskure, da yatsa ɗaya ta bi haruffan tana duba kowanne: Zeinabu. Ɗige bakwai suka jeru.

Injin ya ƙi.

Ta sake, a hankali fiye da na farko. Ya ƙi. Ƙas-ƙas ɗin ya fara, kamar kaza na tsattsagar kwano.

"Gwada da ƙananan haruffa."

Ta gwada. Ya ƙi.

"Ko dai tsoho na da wata da ba ku sani ba?"

"Alfari, wallahi zan kwaɗa maka wannan caja!"

"Yi haƙuri, Hajiya. Amma ki hanzarta, tana zafi."

Gumi ya tsatso mata. Ta ɗora hannuwanta biyu a kan klavyen, irin zaman da aka koya mata, tana tunanin wane suna kuma. Sai idonta ya faɗa kan layin sama. Inda ta san A, Q ke zaune. Inda ta san Z, W ne.

"Kai! Wannan klavyen Ingilishi ne!"

"To, ba daga Kamba na ce miki ba? Can tsallaken iyaka ai Ingilishi ake yi."

"Injin kuwa Faransanci ya sani. Fentin kan maɓalli ne ya sauya, shi bai sauya ba. Ina danna Z yana jin W. Sau uku ina kiran uwata da sunan da ba nata ba!"

Alfari ya dafe kai. "Ni da na ce miki salula nake gyarawa."

Ta ja bakin mayafinta ta rufe hannuwanta. Haka Baba ke yi mata da hularsa ran Lahadi, in babu layi. Ya tsaya a bayanta yana kurɓar shayi, in ta saci kallo ya ƙwanƙwasa mata kai da biro, ya ce sakatare ba ta kallon klavye. Shekara nawa rabonta da buga takarda, amma yatsun suka tafi da kansu inda suka saba.

Ekran ya buɗe.

Komai na nan yadda ya bari. Hoton babbar mota a kan gada, takardun fito rututu, wasan karta da yake ɓoyewa in Inna ta shigo da abinci. Baraka ta tsaya kallo.

"Ba lokacin gaisuwa ba ne!" Alfari ya cusa kile, ƴar ma'ajiyar kwafe bayanai, a gefen injin. "Wanne?"

Ga jakar aikin Baba na shekara goma sha biyu, ga wata ƙarama, "Suna 2011".

"Duka ba za su shiga ba?"

"Ba za ta kai ba. Zaɓi."

Ta ja ƙaramar. Koren layi ya fara rarrafe. A rabi ya tsaya cik, ƙas-ƙas ya cika shagon. Alfari ya ɗauko kwali yana yi wa injin fifita, yana lallashinsa da Zabarmanci. Layin ya motsa, ya sake tsayawa, ya yi tsalle ya kai ƙarshe. Bai gama zare kile ba ekran ya ɗauke, fanka ta yi shiru.

Ya sa kilen a tasa ordinatar. Tsakar gida ta fito a karkace, mata na kai da kawo. Sai wata murya ta tashi daga gefe, tas, kamar a bayan ƙofa take:

"Malam, wa ya ɗora mini wannan abu a kan turmi? Da me zan daka?"

Dariyar Baba ta biyo baya. Baraka ta toshe baki da mayafi. Alfari ya juya yana neman wani abu a cikin akwatin ƙusoshi, ya daɗe bai samu ba.

Da bidiyon ya ƙare, ya danna maɓallin tsohuwar sau biyu. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

"Ta gama," ya ce a hankali. "In kin yarda, ekran ɗinta zai yi wa wata amfani. In kwance?"

Baraka ta rufe murfin, ta ɗora tafin hannu a kai. Har yanzu da ɗumi.

"Ka ɗauka," ta ce. "Amma bari ta huce tukuna."