Tsummokin Kaka Eula

A gidan su Tolliver, can kudancin jihar Jojiya ta Amurka, in dangi sun taru bikin shekara na Ranar Godiya, ba a sa wa talotalo wuƙa sai maza sun gama ƙwallo a filin bayan gidan Kaka Eula. Ƙwallon kuwa na kayarwa ne: ka rungume shi ka zura da gudu, wanda ya cim maka ya maka ka da ƙasa, ba hular kwano ba komai. Babba a ɓangaren da ya ci shi ke yanka naman, waɗanda aka ci kuma su wanke kwanuka.

Nadine ta tashi tana ganin wuƙar nan a hannun babanta Lucius kusan kowace shekara. A zamaninsa shi ne katangar ƙungiyar ƙwallon makarantar garin. Har yau hotonsa na rataye a shagon aski, tsofaffi na ba da labarin ranar da ya yi karo da wani, ya tashi bai san sunan garinsu ba, ya koma fili ana yi masa tafi. Ita dai labarin ya daina ba ta dariya. Ita ta tuƙa shi asibiti ranar da ya tsaya a tsakiyar kicin da makullin mota a hannu, ya kasa tuna inda za shi. Da kunnenta ta ji likita na cewa ƙwaƙwalwar ta sha girgiza iya sha, wani bugun ɗaya zai iya tafiya da abin da ba zai dawo ba.

A hanyar komawa gida ya ce mata, "Ban da mamanki, kada wanda ya ji. Musamman baffanki Wendell."

"Baba, to ranar Godiya fa?"

"Ki kalli titi."

Ta yi alkawari, kuma ita ba ta saɓa magana. Sai ga ranar ta zo. Gidan Kaka ya cika da ƙamshin burodin masara da dankali mai zuma da ganyen da ya daɗe a wuta. Ta taga Nadine ta hango babanta a zaune kan matakala, baƙin tabarau a idonsa, yana ɗaure tsohon takalminsa mai ƙusa. Ƙanensa Wendell na tsalle-tsallen ɗumama jiki, tumbinsa na rigan shi sauka. Gefe guda kuma Terrell, ɗan Wendell, wanda ke buga wa ƙungiyar maza ta makaranta, saurayi mai wuya kamar turmi, yana gaya wa kowa cewa bana sai ya kayar da baffansa.

Nadine ma 'yar ƙwallo ce, amma na ƙyalle, wanda ba a taɓa jikin mutum. Ƙyalle biyu ne a ƙugu, wanda ya fizge maka ɗaya ya tsayar da kai. Tun shigarta babbar sakandare take bugawa. Maza ke da filin ciyawa, su mata sai fegin da ke bayan inda ake ajiye motocin makaranta, mai tsakuwa da tururuwa. Gwiwoyinta duk tabo ne. Ta sha dariya a makaranta, ta sha a coci, ta sha a wannan gidan, ba ta taɓa fashin atisaye ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: babanta bai taɓa zuwa kallonta ba. Ba ta kuma taɓa roƙonsa ba.

Ta jawo aljihun kabad, ta kwaso tsummokin goge kwanuka.

"Ina za ki kai min su?" in ji Kaka, ludayi a hannu.

"Aro, Kaka."

"Mai hoton zakaran nan tun bikina yake. In ya yage, ke ma sai kin yage."

Nadine ta fito ta zube tsummokin a kan ciyawa. "Bana da waɗannan za a yi," ta ce. "Kowa ya soke biyu a ƙugu."

Wendell ya dube su, ya dube ta, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Lucius, ka ji 'yarka? Wasan kama-wutsiya za mu yi! Sai a kawo mana jan baki ma mu shafa."

"Baffa, ai kai jan bakin zai fi yi maka sauƙi da gudu."

"Kai! Ji bakin yarinya!"

"Ƙanwata, je ki taya Kaka juya miya," in ji Terrell. "Nan wurin ƙarfi ne."

Kalma ɗaya ce a bakinta da za ta kashe wasan gaba ɗaya. Ta dubi babanta. Bai ɗago ba, yana ta jan igiyar takalmi. Ta haɗiye kalmar.

"To mu yi haka," ta ce. "Zan taso daga matakala da ƙwallo zuwa igiyar shanyar Kaka. Ku uku ku tare ni. Ba riƙe jiki, ƙyalle kawai. In na kai da duka biyun, bana nawa za a yi. In wani ya fizge ko ɗaya, ku yi ta fasa kawunanku, ba za ku sake jin bakina ba."

"Mu uku? Ke kaɗai?" Wendell ya tofa yawu a tafi. "Mama, fito ki zama shaida!"

Kaka ta fito baranda da ludayinta, mata da yara suka biyo ta. Maman Nadine ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙirji, ita kaɗai ba ta dariya. Nadine ta soke mai zakara a hagu, wani mai ratsin shuɗi a dama, ta ɗauki ƙwallon.

Terrell ne ya fara tasowa. Tun yana ɗan ƙarami aka koya masa abu ɗaya: in ka matso, ka sunkuya ka sa kafaɗa. Jikinsa ya yi abin da ya sani tun kafin kansa ya tuna sharaɗin. Ya sunkuyar da kai, wanda ya sunkuyar da kai kuwa ba ya ganin ƙyalle. Nadine ta ɗan goce, ya wuce ta kamar an harbo shi, sai cikin komin da Kaka ke shuka ganye.

"Ganyena!" Kaka ta kwarma ihu. "Ɗan banza mai wuyan sa!"

Wendell ya buɗe hannuwa zai rungume ta, sai ya tuna ba a runguma. Ya tsaya a haka, hannuwa a sama kamar mai addu'a a coci, ta sulale ta ƙarƙashin hammatarsa. Baranda ta kaure da shewa.

Saura babanta. Shi bai taso ba. Yana tsaye gab da igiyar shanya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannuwa a sake. Nadine ta ji daɗin ƙafarta kamar yadda take ji a ranakun da komai ke tafiya daidai. Ta nufe shi kai tsaye, ta wurga ido dama, ta murɗa jiki ta juya hagu, juyin da ba yarinyar da ta taɓa kamawa a gundumar. Ta taɓa igiyar shanyar da hannu.

Sai ta ji ƙugunta na hagu ba nauyi.

Zakaran Kaka na lilo a tsakanin yatsun babanta biyu.

"Shi ke nan!" Wendell ya daka tsalle. "Tsohon ƙarfe! Terrell, fito daga miyar nan, a raba ɓangare!"

Nadine ta tsaya tana haki. Idonta ya yi zafi, amma ba a gaban waɗannan za ta yi kuka ba. Ta ɗaga haɓa, ta miƙa wa babanta ƙwallon. "Na faɗa, ba zan janye ba," ta ce. Sannan a hankali, yadda shi kaɗai zai ji: "Baba. Don Allah."

Bai karɓi ƙwallon ba. Juya tsumman yake yi a hannu, yana kallonsa kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe da ɓata.

"Wendell," ya ce, "kai ka kama wani abu?"

"Ai hanya na toshe mata, na koro maka ita."

"Terrell fa?"

"Santsi ne ya kwashe ni, Baffa."

"To ni kaɗai na kama." Ya soke zakaran a ƙugunsa. "Wasan da ya gagare ku, shi za mu yi."

"Haba Yaya! Ai mu muka ci!"

"Ni na ci. Ko tsoro kake ji?"

Wendell ya waiwaya. Ya kalli baranda, inda matarsa ke share hawayen dariya. Sai ya sunkuya ya wawuri tsumma biyu. "To Nadine a ɓangarena take! Na riga na faɗa, kowa ya ji!"

"Au, 'yar kama-wutsiyar?" in ji Kaka.

"Mama, ki bar tone-tone."

Ana cikin rabon tsummoki, Nadine ta matso kusa da babanta. "Ya aka yi ka san hagu zan yi?"

"Kullum sai kin kalli dama tukuna. Kuma kafaɗarki na faɗuwa kafin ki juya. A wasanku na ƙarshe saura kaɗan doguwar yarinyar nan mai lamba tara ta gano ki."

Ta zuba masa ido. "Ai ba ka je ba."

"Hasken filin da ihun nan suna sara min kai." Ya gyara tabarau. "Daga bayan shagon taya ana ganin komai, in mutum na cikin mota."

Ta gyara tsumman da ke ƙugunta. Sai ta ce, "Ba na sauke kafaɗa."

"Kina saukewa."

"Ba na yi."

"To zo ki sake gwadawa."

Wasan ranar ya fi na kowace shekara hayaniya. Da yake ba mai kayar da wani, matar Wendell ta tuɓe takalmi ta shigo, maman Nadine ta biyo ta. Terrell ya manta ya sa kafaɗa har sau biyu, Kaka ta kore shi gefe da ludayi ya huce. Lucius ya fizge tsumma a ƙugun kowa, yana ɗaga shi sama yana kiran sunan mai shi. Na Nadine ne kawai bai ƙara samu ba, don ta daina kallon dama. Ɓangaren Wendell ya ci.

Wendell ya karɓi wuƙar da ya daɗe yana hange, ya yi wa talotalon kaca-kaca, har Kaka ta ce ko kare ne ya ja shi ya fi haka kyan gani. Aka ci, aka ƙoshi.

Da rana ta karkata, Lucius ya naɗe hannun riga ya tsaya gaban tulin kwanuka. Ya cire tabarau ya ajiye a kan taga. Nadine na cikin waɗanda suka ci, wurinta na falo, amma ta zo ta tsaya a gefensa.

"Waɗanda suka ci ba sa wanki," ya ce.

"Ba wanki nake ba, gogewa nake."

Ya miƙo mata faranti. Ta laluba abin gogewa, babu ko ɗaya mai tsabta, duk sun sha ƙasa da ciyawa. Daga falo muryar Kaka ta taso.

"Ina zakarana?"

Nadine ta duba. Yana nan soke a ƙugun babanta, ya manta da shi ko kuwa bai so cirewa ba. Ta sa yatsa biyu ta fizge.

"Wannan ba a lissafa shi," in ji shi.

"Kafaɗarka ce ta faɗi, Baba."